Kura da shan bugu: matan da suka rera wa garmaho kafin zuwan mikro

Akwai wani rashin adalci da mu malamai da iyaye muke yi, kuma mun daɗe muna yinsa har ya zame mana jiki. Idan darasi ya zo kan ƙere-ƙeren zamani, sai mu rubuta a tablo cewa Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da faifan garmaho shekara goma bayan nan. Yara su kwafa a kaye, su haddace, su amayar ranar jarrabawa, shi ke nan an wuce. Ba mai ɗaga hannu ya ce: to wa ya rera abin da aka ɗauka? Ai akwatin garmaho ba ya waƙa da kansa. Mutane ba su kwance lalitarsu don su zauna kallon allura tana bin faifai ba. Murya suka saya. Kuma a Kalkata da Alƙahira da New York, da yawa daga muryoyin da suka sa kasuwar faifai ta ci na mata ne.

Maganata ita ce, matan nan sun cancanci a ambace su a aji, a kuma saurare su a gida. Rainin da ya sa muka tsallake su shi ne dai rainin da ke sa muryoyin zabiyoyinmu na nan gida suna ɓacewa muna kallo.

Sai mai karatu ya san yadda ake ɗaukar waƙa a wancan lokaci kafin ya gane girman aikin. Daga 1877 har zuwa 1925 babu mikro, babu lasifika, babu wutar da ke ƙara wa murya ƙarfi. Abin da ke ɗakin ɗauka shi ne wani ƙaton mazurari na ƙarfe. Mawaƙiya ta tsaya a bakinsa ta rera. Iskar muryarta ta bi mazurarin ta matse zuwa tsukakken gindinsa, ta girgiza wani ɗan tantani, kamar yadda fatar kalangu ke rawa. Tantanin yana haɗe da allura, allurar kuma tana zana layi a kan kaki mai juyawa. Ke nan ƙarfin huhunta shi ne ke sassaƙa faifan. Idan muryar ta yi sanyi, allura ba ta zana abin kirki. Idan ta yi ƙarfi da yawa, allura ta yi tsalle, kaki ya lalace, a sake daga farko. Don haka dole ta ja da baya in za ta ɗaga murya, ta matso in za ta sassauta, wani lokaci ma akwai mai tsayawa bayanta yana janta yana tura ta. Makaɗa su cunkushe a ɗan ƙaramin ɗaki, mai ƙarar kaya a can baya, mai sanyin kaya a kusa. Manyan ganguna kuwa sau da yawa ba a barinsu, don dukansu na firgita allura.

Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda. Mazurarin nan abin da yake iya kamawa bai wuce daga kamar 250 zuwa 2,500 ba. Sautuka irin su "s" da "f" kusan ɓacewa suke yi, saboda haka wadda ba ta iya fitar da harafi tsaf ba, ba a gane abin da take faɗa. Fuskar faifai guda kuma minti uku ce, in ta yi yawa huɗu. Babu yankewa a liƙa, babu gyara. Kuskure ɗaya a daƙiƙar ƙarshe ya kashe aikin duka. Bahaushe ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A ɗakin nan babu miya ko cokali guda.

To su wa suka iya?

A watan Nuwamba na 1902 wani ma'aikacin kamfanin Gramophone mai suna Fred Gaisberg ya kafa kayansa a Kalkata, ya ɗauki muryar Gauhar Jaan. An haife ta a 1873, kuma ta koyi waƙa da rawa tun tana ƙarama a hannun manyan gwanaye. Waƙar gargajiyar Indiya ta arewa irin wadda mawaƙi ke ɗaukar awa guda yana warwarewa ce, sannu a hankali. Da yawa daga manyan mawaƙa maza sun ƙi kusantar na'urar, wasu don raini, wasu don tsoron kada a sace musu fasaha. Ita ce ta zauna ta gano yadda za a dunƙule waƙar awa guda cikin minti uku ba tare da an kashe ta ba, waɗanda suka biyo baya kuma suka ɗora a kan hanyarta. Tsakanin 1902 da 1920 ta ɗauki waƙoƙi wajen 600 cikin harsuna fiye da goma. A lokacin ana kai kakin har Hanover ta ƙasar Jamus don a buga faifai, kuma ma'aikatan can ba su jin yaren, shi ya sa a ƙarshen waƙa takan faɗi sunanta da Ingilishi don kada a liƙa wa faifan sunan wata. Har yau idan ka saurara za ka ji ta tana faɗa. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, muke son a ce waƙa ta ƙare cikin ƴan mintoci ta bar mana daɗi a kunne, ya kamata mu san cewa awon nan na minti uku faifai ne ya kawo shi, kuma mata irin su Gauhar Jaan da Zohrabai ta Agra da Janki Bai ta Allahabad ne suka fara sarrafa shi. Gauhar ta rasu a Mysore a 1930, bayan dukiyarta ta tafi a shari'o'i da hannun waɗanda ta amince wa.

A Masar akwai Munira al-Mahdiyya, wadda ake wa laƙabi da sarauniyar waƙa. Ta yi faifai da kamfanin Baidaphon, ta riƙe gidan shan gahawa nata na kanta a unguwar Azbakiyya, sannan a tsakiyar shekarun 1910 ta hau dandalin wasan kwaikwayo, ta kuma kafa ƙungiyarta tana biyan ma'aikata. Lokacin da Misirawa suka tayar wa mulkin Ingila a 1919, muryoyin mata suna cikin abin da ya riƙe zukatan jama'a. Misirawa na ba da labarin yadda aka hana ambaton sunan jagoransu Sa'ad Zaglul, sai Sayyid Darwish ya tsara waƙa a kan wani irin dabino da ake kira zaglul, Na'ima al-Masriyya ta rera ta. A fili tallan dabino ake yi, amma kowa ya san wanda ake kira. Duk Bahaushen da ya san habaici da zambo zai gane wannan dabara nan take. Malamin tarihi da ke koyar da mulkin mallaka, ina ya fi wannan misali?

A Amurka, Ada Jones ce mace ta farko da ta yi suna sosai ta hanyar faifai, daga 1905 har rasuwarta a 1922, a lokacin da masu kamfani ke cewa muryar mace ba ta kamuwa da kyau a na'ura. Baƙaƙen fata kuwa an daɗe ana rufe musu ƙofa, ana cewa ba mai sayen muryarsu. Ranar 10 ga Agusta 1920 Mamie Smith ta rera "Crazy Blues" wa kamfanin Okeh. Cikin wata guda aka sayar da faifai wajen 75,000, akasari ga baƙaƙen fata talakawa, ƴan ƙwadago da masu wanki da dafuwa. Nan take kamfanoni suka farga cewa akwai kasuwar da suka raina. Ta wannan ƙofa Bessie Smith ta shiga a 1923 da "Downhearted Blues", waƙar da mata biyu suka tsara, Alberta Hunter da Lovie Austin, aka sayar da dubban ɗaruruwa cikin ƴan watanni. A shekarar ce kuma Ma Rainey ta fara ɗauka da kamfanin Paramount, ta bar waƙoƙi kusan 100 cikin shekara biyar. Mazan da duniya ta sani daga baya a wannan fanni, ƙofar da matan nan suka ɓalle suka bi.

Me suka samu? Bessie Smith kuɗin ɗauka kawai ake ba ta a kan kowace waƙa, ribar faifai ta kamfani ce. Ta rasu a haɗarin mota a 1937, kabarinta ya zauna babu ko dutsen shaida har 1970, lokacin da mawaƙiya Janis Joplin da wata mata mai suna Juanita Green suka biya aka kafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan mu ma muka rubuta sunan mai na'ura a tablo muka bar nasu, mun ƙara wa gardi ne.

Na san abin da za a ce mini, don na sha jinsa a ɗakin malamai da wajen zaman iyayen yara.

Na farko, a ce sautin ba daɗi, sai shuu da ƙaraf-ƙaraf kamar ana suyar gyaɗa. Gaskiya ne, akwai wannan. Faifan da ƙaron wani ƙwaro na Indiya aka yi shi, allurar ƙarfe ta shekara ɗari tana gogarsa. Amma wa ya taɓa jefar da littafin kakansa na ajami don takardar ta yi ja, tawadar ta kwanta? Kunne yana sabawa cikin minti biyu, ya tsallake shuu ɗin ya kama muryar. Wannan tsallakewar ita kanta tarbiyya ce. Yaranmu sun tashi da waƙar situdiyo, inda kwamfuta ke miƙe duk muryar da ta karkace. Tun da aka fito da Auto-Tune a 1997, wanda bai iya riƙe amo ba ma yana iya fitar da kundi. Ba zagin mawaƙan yau nake yi ba, akwai gwanaye a cikinsu. Abin da ke damuna shi ne yaron da bai taɓa jin murya tsirararta ba, ba ya iya bambance gwani da wanda na'ura ta rufa wa asiri. Yaron da ba ya iya wannan a waƙa, da wuya ya iya shi a magana, kuma gobe shi ne zai saurari ƴan siyasa da ƴan talla.

Na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan kauce masa ba. A ce matan nan ƴan duniya ne, me ya kai mu gabatar da su ga ƴaƴanmu mata? Ba zan ce dukansu waliyyai ba ne. Gauhar Jaan daga gidan mata masu nishaɗantar da attajirai ta fito. A cikin waƙoƙin Ma Rainey da Bessie Smith akwai na giya da na batsa waɗanda ba zan kunna wa ɗan aji shida ba, kuma ba wanda ya ce a kunna. Zaɓe aikin malami ne, kamar yadda muke zaɓe a kowane littafi. Amma mu yi wa kanmu adalci. Da wane ma'auni muke auna maza? Muna kunna Shata a mota da yara a baya, muna kunna Ɗan Anace yana zuga ƴan dambe, ba wanda ya taɓa cewa sai an binciki yadda suka kwana kafin a yaba muryarsu. Muna koyar da sarakunan da suka ci garuruwa da yaƙi, da Turawan da suka ƙera abubuwa, ba mu tambayi halinsu na gida ba. Sai an zo kan mace ne ma'aunin ke canzawa. In ana maganar tarbiyya, akwai tarbiyya a cikin nuna wa yarinya macen da ta shekara goma sha tana koyon sana'a kafin ta tsaya gaban jama'a, da macen da ta riƙe ƙungiya tana lissafin kuɗi, da kuma yadda aka cuci wadda ta sa hannu a takardar da ba ta kare ta ba. Wannan darasi na ƙarshe ƴaƴanmu suna bukatarsa yau fiye da jiya, tun da ga su nan suna zuba muryarsu da hotonsu a TikTok kyauta, wasu can na kwasar riba.

Wanda kuma yake ganin waƙar mace da tarbiyyar addini ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba, ya duba Ummu Kulsum ta Masar, wadda tsofaffinmu suka sha ji a rediyo. Ɗiyar limamin ƙauye ce. Da karatun Alƙur'ani da yabon Annabi ta buɗe baki, mahaifinta na sa mata kayan yara maza yana yawo da ita bukukuwa. Ta koma Alƙahira a farkon shekarun 1920, ta fara faifai daidai lokacin da zamanin mazurari ke ƙarewa. Fitar harafin da duniya ta yaba mata har rasuwarta a 1975, daga allon karatu ta samo shi. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin kiɗa, kowane uba kuma yana da ikon abin da za a kunna a gidansa, ban musa ba. Amma uban da rediyonsa ke kunne dare da rana, salular ɗansa cike da waƙoƙin da shi kansa bai taɓa saurara ba, ba shi da bakin cewa muryar wata baiwar Allah ta shekara ɗari da ta wuce ce za ta lalata masa gida.

Na uku, a ce ba namu ba ne, me ya haɗa ɗan Tasawa da matar Kalkata? Ai Edison ma ba ɗan Tasawa ba ne, kuma ba mu fasa koyar da shi ba. Ban da haka, dubi abin da wasu ƴan Afirka suka yi da tasu. Siti binti Saad ta Zanzibar ɗiyar talakawan ƙauye ce, da tallan tukwane ta fara. A 1928, jim kaɗan bayan shigowar mikro, aka kai ta Bombai ta ɗauki waƙoƙin taarab da Swahili, cikinsu har da masu sukar alƙalai da masu kuɗin da ke zaluntar mata. Ta rasu a 1950. Babban marubucin Swahili, Shaaban Robert, bai ga ya fi ƙarfin ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kan rayuwarta ba, kuma ɗaliban Swahili suna karanta shi. Mu fa? Wane littafi muka ba ɗan kwaleji a kan wata zabiya?

A nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Tambayi ɗan lise ya lissafo mawaƙan Hausa na da, zai kawo maka Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, in ɗan Tawa ne ya ƙara da Ɗan Gurmu, in ɗan Damagaram ne ya ƙara da Ma'azu Ɗan Alalo. Ce masa ya kawo mata, in ya yi ƙoƙari ya ce Barmani Coge, wadda ta rasu a Funtuwa a 2013, sai ya yi shiru. Alhali kowane gari yana da zabiyar da ke cika fili da murya ba mikro, kowace unguwa tana da mai ba da waƙar gaɗa, kowane gida yana da mai waƙar daka da ta niƙa da ta raino. Su ma ɗin da huhunsu suka yi aiki, kamar matan mazurari. Bambancin kawai shi ne su Gauhar sun sami kaki ya riƙe musu murya, akasarin namu kuwa iska ta tafi da ita. Injin niƙa ya shigo, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙarsa ta bi shi. Gidan rediyon ƙasa yana aiki tun 1958, cibiyar CELHTO ta Yamai tana tattara adabin baka tun 1968, sun yi nasu. Amma ba wata cibiya da za ta shiga kowane gida a Madawa da Mirya da Dogon Dutsi. Wannan aikin namu ne, kuma kowace tsohuwa da aka kai makwanci da waƙoƙinta ake rufe ta.

Na huɗu, a ce manhaja ta cika, ba lokaci. Ban nemi a ƙara sabon fanni ba. Abin da nake nema yana shiga cikin darussan da muke yi. Malamin kimiyya da ke bayanin sauti ya naɗe kwali ya yi mazurari, ya ɗaure leda a bakin gwangwani ya barbaɗa gishiri a kai, yaro ya yi magana cikin mazurarin, aji ya ga gishiri na rawa. Wannan shi ne dukan sirrin garmaho, kuma bai ci ko dala ashirin ba. Daga nan ya kunna musu Mamie Smith ko Munira a salula, su ji abin da girgizar nan ta adana shekara ɗari. Waƙoƙin suna nan kyauta a YouTube, ɗakin karatu na majalisar Amurka ma ya zuba dubbai a intanet tun 2011. Malamin Hausa ko na Faransanci ya ba yara doguwar tatsuniya ya ce su faɗe ta cikin minti uku ba tare da sun zubar da ma'ana ba, su ɗanɗani abin da Gauhar Jaan ta yi fama da shi. Malamin tarihi ya ɗauki waƙar dabino ya shiga darasin 1919.

Iyaye kuma ga naku, kuma ya fi na kowa sauƙi. Salular da ke hannun ɗanku ta fi duk kayan da Gaisberg ya yi dako zuwa Kalkata kyau nesa ba kusa ba. Wannan hutu, ku tura shi wajen kakarsa ko gwaggonsa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce: "Kaka, don Allah ki yi mini waƙar da kuke yi in kuna daka." Za ta yi dariya, za ta ce ta manta, za ta ce wannan abin da ne. Ya yi haƙuri ya zauna, za ta tuna. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ya ɗauka, ya tambaye ta wajen wa ta koya, a wane gari, a wane biki. In ta gama, ta faɗi sunanta da na mahaifinta da garinsu a ƙarshe, kamar yadda matar Kalkata ta riƙa yi, don kada gobe a ce waƙar "ta gargajiya" ce, kamar daga sama ta faɗo. Ku ajiye a wuri biyu ko uku, don salula na faɗawa rijiya. Malamai su tattara na ajinsu, kowace lakol ta sami nata kundin.

Abin da zai hana mu wannan ba kuɗi ba ne, tun da ba ya cin kuɗi. Girman kai ne kawai, da tunanin cewa abin da mace ta rera ba ilimi ba ne. Wanda ke da wannan tunanin, ina roƙonsa ya ba ni minti uku, tsawon fuskar faifai guda, ya saurari Bessie Smith ta 1923 da kunnen basira, ya tuna babu mikro a gabanta. Bayan nan sai mu yi gardama.

Allah ya jiƙan magabatanmu, maza da mata, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari.